Ruwan da Malam Habu ya ba karya a hanyar Mertutek

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Habu, mahaucin Damagaram da ya yi zamansa a kasuwar Tamanraset. Na yi yawo daga Kano har Marsai, na zauna da mutane iri-iri, amma shi na fi tunawa, saboda wata tafiya da muka yi.

Diloli sun addabi awakin surukinsa a ƙauyen Mertutek, sai Habu ya yi alkawarin kai masa karyar gadi wadda ya raina da ɗanyen nama da kayan ciki. Ɗanyen nama ba ya jure zafin hanya. Wasu Turawa masu yawon hamada suka bar masa buhun busasshen abincin kare, ya kawo mini in karanta masa Faransancin da ke jikin buhun. Na gaya masa furotin da aka rubuta, wato abin gina jiki, ya fi na ɗanyen nama yawa. Gaskiya ne, sai dai ɗanyen nama yawancinsa ruwa ne, wannan kuwa an ƙafar da shi kamar kilishi. Karen da ya ci shi sai ya nemi ruwan nan a wani wuri.

Bayan mun wuce ƙauyen Hirafok motar da muka shiga ta mutu. Ba gida, ba rijiya, salka ɗaya ce ta rage mana mu uku har da direba, wani Buzu mai suna Ahmudu. Karyar ta ƙoshi da busasshen abinci tun safe, ga ta kwance ƙarƙashin mota, harshe waje, tana haki.

Habu ya miƙa hannu ga salka. Ahmudu ya riƙe bakinta.

"Baba Habu, ruwan mutane ne. Ban san ran da wata mota za ta biyo ba."

"Ban taɓa naka ba, ɗana. Zuba mini rabona."

"In ka faɗi, ita za ta ɗauke ka?"

"Ni na ɗauko ta daga inuwa. Zuba."

Ahmudu ya dube ni. Ya zuba a kwano. Habu ya jiƙa leɓensa kawai, ya ajiye wa karyar kwanon a ƙasa. Haka ya riƙa yi har washegari, muryarsa ta dushe, salla ma a zaune ya yi ta. Da wata babbar mota ta ɓullo, sai da muka kama shi ya hau. Karyar ta hau da ƙafarta.

Yanzu nakan ji masu karnuka a birane suna gardamar ɗanye da busasshe, kowa na nuna lambar jikin leda. Da Habu na nan, na san ba zai shiga gardamar ba. Zai tambayi mai karen ko ya cika masa kwanon ruwa.

Rumfarsa ta koma hannun wani, ba kowa ke tuna sunansa a kasuwa ba. Ahmudu kuwa, wanda ya riƙe bakin salka, har yau ba ya tayar da mota sai ya ɗaura salka ta musamman saboda dabbar da ya ɗauko. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya shayar da shi.