Na Nutsar Da Muryar Maigidana

Ni ne mai laifi, kuma ba uzuri na zo nema ba. Shekara ashirin da biyu ina yi wa wani tsohon mawaƙi amshi, tun muna Maraɗi har neman abinci ya kawo mu Madina. Shi yana gadin wani gida a unguwar Jurf, ni ina tuƙa motar dabino daga gonakin Badr. Baba nake ce masa. In 'yan gida suna biki mu biyu ake kira, ya ja baiti in karɓa.

Da ya ji muryarsa ta fara dusashewa, sai ya ƙudurta naɗar tsofaffin waƙoƙin da iyayenmu suke saurare a rediyo, tun kafin ta tafi gaba ɗaya. Wani Basudane mai gyaran firji, gwanin piyano, ya ba shi shawarar a yi su da salon jaz: a hankali, murya ɗaya tal, ba kalangu, ba amshi. Ranar farko na buɗe baki zan karɓa, Basudanen ya ɗaga mini hannu. Baba ya ce in zauna in huta, wannan waƙa ba ta son jela, in kuma ina son lada in dafa musu shayi. Duk ɗakin aka tuntsire da dariya. Wata huɗu ina dafa shayin nan ina haɗiye baƙin ciki, ina rantsuwa a raina sai ya san wanda ya mayar jela. Abin da ya fi ƙona ni, waƙoƙin sun yi daɗin da ba su taɓa yi ba lokacin da nake ciki.

Iƙamar Basudanen, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, ya sayar da kwamfutarsa da aka naɗi waƙoƙin da ita zai koma gida. Ni na kai shi tasha. Ya danƙa mini filashin kwamfuta in kai wa Baba, ya ce amana ce, waƙa goma sha ɗaya ce a ciki, kuma babu wani kwafi. Washegari a Badr na tsaya bakin tankin ban ruwa na jefa shi. Wallahi sanyi na ji a ƙirjina. Na dawo na ce wa Baba mutumin ya gudu da aikin. Baba ya yi ta kiran lambarsa ba ta shiga, ya ɗaga hannu ya yi masa Allah ya isa, ni kuma na ce amin.

Na ɗauka za a sake naɗa, dole a neme ni. Bayan wata biyu aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya tashi da rai, amma muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Duk wanda yake riƙe da wani a zuci, ya je ya faɗa masa a fuska, ko da za a yi faɗa. Ni dai na rama dariyar minti ɗaya da abin da ba ya dawowa.

Shekara guda na kasa haɗa ido da shi. Wata Juma'a bayan mun fito daga Harami, na durƙusa gabansa a bakin titi, na ce: “Baba, Basudane bai ci amanarka ba. Ni ya ba wa, ni na jefa a ruwa, ina sane, don na ji zafi. Ka janye Allah ya isarka daga kansa, tawa ce. Ka yafe mini.”