Kwamfutar da Ba Ta Son Ganin Hindatu

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni labari ba. Shekarun baya ne, lokacin ina tsaron wani ɗan shagon kwamfuta a wani gari kusa da Minjibir, muna yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da buga takardu, shagon yana bakin titi, bayansa kuwa gonakin gero ne har inda ido ya tsaya.

A lokacin na sayi wata laftof ta hannu a Kano, tsohuwa ce, nauyi gare ta kamar jakin da aka yi wa lodi. Sai ɗan kawuna Sagir, wanda ya yi karatun kwamfuta a birni, ya ce in kawo ya goge tsarin da ke cikinta ya sa mini wani sabo na kyauta, mara nauyi. Ya sa. To ni fa ban taɓa ganin irinsa ba, komai ya sauya wuri, ko fayil zan nema sai na yi ta lalube kamar baƙo a kasuwar Dawanau.

Ina neman wata yarinya Hindatu, 'yar garinmu ce amma tana makarantar koyon aikin jinya a birni, magana ta yi nisa har manya sun shiga. Wayata ƙarama ce, don haka ta burauzar laftof ɗin muke bidiyo kol idan ta fito daga aji. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, zan yini ina aiki da burauzar nan lafiya lau, amma da fuskar Hindatu ta fito, ko gaisuwa ba mu gama ba, sai komai ya sandare. Maus ba ya motsi, maɓallai ba sa ji, fankar ciki ta hau ƙugi, sai dai in danne maɓallin kashewa.

Babu abin da ban yi ba. Na share tarkacen burauzar, na cire ta na sa wata, na ƙara wa kwamfutar ram, wato ƙwaƙwalwa, na canza layin data. Har baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki na koyi buɗewa, ina kwafar abin da ban san ma'anarsa ba ina zubawa, rannan na kwafi wani na lalata sautin gaba ɗaya. Dole na kira Sagir.

Ya zo ya zauna a kujerata, ya ce, "Bari in gwada kiranta mu gani." Ya kira. Wallahi ko gezau kwamfutar ba ta yi ba! Hoto tar, murya tar, suna ta hira, yana tsokanarta wai allurarta da zafi, tana dariya irin wadda ni ban taɓa samu ba, ni kuwa ina tsaye kamar wanda ya zo karɓar fotokwafi. Yana tashi na zauna, na ce "Hindatu," ɗif, ta sandare.

Ya ce, "Ikon Allah. Yaya, ko dai hannunka ne?"

Dariya ya yi, ni ban yi ba. Daga ranar zargi ya shige ni. Na ce a raina wannan yaron shi ya sa tsarin nan, shi ya san lungunansa, me zai hana ya ɗaura wani abu da zai riƙa yanke ni? Ga shi gwajin nasa ya ƙi ƙarewa, kullum yana shagon. Wata rana na dawo daga sayo man janareta na tarar shi da Hindatu suna bidiyo kol sun yi ƙasa da murya, ina shigowa suka yi shiru. Kai! Ranar ko tuwon gidanmu ban iya ci ba.

Sai wata ranar kasuwa, bayan azahar, rana tsaka, mutane na ta wucewa da awaki a ƙofar shago. Ni kaɗai ne a ciki. Na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan, na kira ta. Ta ɗauka, ta buɗe baki za ta yi magana, komai ya tsaya. Na danne maɓallin kashewa, kwamfutar ta ƙi mutuwa. Na zare caja, na juya ta na ɓalle batirin na ajiye a kan tebur, na rantse da Allah batirin yana gefe allon yana kunne.

Kun san ɗan akwatin nan na ƙasa da mutum ke ganin kansa a bidiyo kol? Nan idona ya kai. Ga ni a daskare, bakina a buɗe. A bayana kuwa wata mace ce tsaye, doguwa, ta lulluɓa da mayafi ruwan toka, hannunta ɗaya a kafaɗata. Komai na allon a tsaye yake, ita kaɗai ke motsi. Ba ni take kallo ba, Hindatu take kallo, irin kallon da mace ke yi wa wadda ta taɓa mata abinta. A hankali ta matse yatsunta, wallahi sai da na ji nauyinsu a kafaɗata ta gaske, da wani ƙamshin turaren wuta da ban san daga inda ya fito ba.

Innalillahi kawai na iya faɗa. Na waiwaya, bango ne da kalanda. Na juyo, allon ya yi baƙi.

Ban gama dawowa hayyacina ba ƙaramar wayata ta yi ƙara. Hindatu ce.

"Wace ce ita? Ka gaya mini gaskiya, wace ce?"

Na ce, "Ke ma kin gan ta?"

"Yau na fara ganinta? Duk kiran da za ka yi tana bayanka kafin ya yanke. Na tambayi Sagir ya ce shi bai san kana da wata ba. Yau har magana ta yi mini, ta ce in fita harkar mijinta."

Na yi rantsuwa har na gaji, ta ce ita ba za ta shiga gidan da aka riga ta shiga ba, mutum ce ko ba mutum ba. Baba ya kai ni wurin wani malami a Tsanyawa, aka yi mini ruƙiyya, aka ba ni addu'o'i, malamin bai ce mini ga abin da ya gani ba, ya dai ce in riƙe azkar. Kafin kaka ta zagayo gidansu Hindatu sun dawo mana da kayanmu na neman aure.

Laftof ɗin kuwa, Sagir na bar wa, don ko taɓa ta ba na son yi. Shekara ba ta rufa ba aka ɗaura aurensa da Hindatu. Na je ɗaurin auren, na ci goro, na yi murmushin da ya kamata. Har gobe idan na gan su a mota ɗaya sai na ji zargin nan ya motsa, kuma har gobe ban san ko ya san wani abu ba. Ya ce mini kwamfutar ba ta taɓa tsaya masa ba ko sau ɗaya.

Na yi aure daga baya, alhamdulillahi, har da yara. Amma matata ta san ba na bidiyo kol, ta ɗauka ƙauyanci ne, na bar ta a haka. Ku dai idan na'urarku ta riƙa sandarewa, ku kai wa masu gyara, galibi matsalar inji ce. Amma idan kuka lura a kan mutum ɗaya kawai take tsayawa, to ku yi bismillah ku rufe ta, kada ku tsaya duba wanda ke bayanku.