Ruwan Tekun Maigida

Da aka sallami mijina daga aikin jirgin ruwa a Legas, a tsakiyar shekarun 1980, muka kwaso kayanmu muka dawo gidan mahaifiyarsa a Lafiya. Sauran maza da rediyo ko babur suke komawa gida. Nawa akwatin gilashi ya rungumo a gaban mota tun daga Legas, da jarkokin ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙafarsa.

A cikin akwatin akwai murjani. Ba irin mai tauri da muke ratayawa a wuya ba, wannan mai rai ne, mai laushi, a manne da dutse. Wani kore ne shar, wani ruwan hoda, wani kamar naman kaza. In fitilarsu ta kama sai su buɗe, su riƙa kaɗawa a hankali. Na yi ta yi masa tsiya cewa ya kawo mana kayan miyan da ba a ci, amma ni ma nakan daɗe tsaye ina kallo.

Riƙonsu ba wasa ba ne. Suna son haske, suna son ruwa mai motsi, don haka in an ɗauke wuta sai ya jona famfon da ke juya ruwan da batirin mota. Abin da ya fi damunsa shi ne gishiri: kada ya yi yawa, kada ya yi kaɗan. Wani direban babbar mota ke kawo masa gishirin teku daga Legas. In zafi ya sha ruwan, sai ya cika da ruwan sama zalla, don ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan. Bai cika magana a kan aikin da ya rasa ba. Abin da ya rage masa na rayuwar teku ke nan a cikin gilashin, kuma duk gidan mun sani.

Da kakar doya ya tafi Assakio saro kaya, ya yi makonni. Ya bar min kula da fitila da famfo. Ni kuwa da safe ina makarantar da nake koyarwa, sai azahar nake dawowa. Kullum in tarar da akwatin cike har baki, in ji daɗi. Amma murjanin ya fara ƙin buɗewa. Koren ya koɗe, mai ruwan hoda ya kwanta a kan dutsensa. Na goge gilashi, na sake ƙwan fitila, duk a banza. Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar da ya dawo ko ruwa bai sha ba ya wuce wurinsu. Ya tsaya, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, sannan ya juyo ya dube ni.

"Wa ya taɓa ruwan nan?"

Inna, mahaifiyarsa, ce ta amsa daga bakin ƙofa, hankalinta kwance. Ashe wata mai kawo mana manja daga Doma ta ji cewa akwai ruwan teku a gidan, ta roƙi kofi ɗaya don ƙurajen ɗanta. Ƙurajen suka bushe, ko don ruwan ko don lokacinsu ya yi, Allah masani. Labari ya zagaya unguwa. Mai ƙaiƙayi, mai ciwon ƙafa, mai yaron da ke firgita, kowa da kofinsa.

"Yo ruwa ne fa," in ji Inna. "Maƙwabci zai zo neman ruwa in hana shi? Kuma ban bar maka shi a rage ba. Duk wanda na ɗiba sai na mayar da na randa, yadda na ga kana yi."

Haushi ya cika ni har wuya. Na so ya yi faɗa, ko da ni zai yi wa. Amma wa zai ɗaga murya a kan uwarsa don ta yi wa maƙwabta alheri? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna."

Ya yi iya yinsa. Ya riƙa ƙara gishiri kaɗan-kaɗan, wai in ya zuba gaba ɗaya zai ƙarasa su. Ya ciro waɗanda suka narke don kada su ɓata ruwan. Mai kama da naman kaza ne ya fi jurewa, har muka sa rai. Wata safiyar Asabar shi ma ya saki dutsen. Maigida ya kashe famfon da hannunsa, ɗakin ya yi tsit.

Ana cikin haka aka yi sallama. Wata tsohuwa ce da ɗan kofin roba, ba ta san abin da ake ciki ba.

"Inna ta ce in zo," ta ce. "Jikana ne, jikinshi duka ƙuraje."

Na buɗe baki zan sallame ta, sai ya riga ni. Ya dubi kofin, ya dubi akwatin.

"Baba, koma ki ɗauko bokiti," ya ce. "Ki gaya wa sauran ma su zo."