Na Ga Falmata a Tsallake

Ranar da abin ya faru da faɗa muka tashi. Na dawo daga duba koma da sanyin safiya, na tarar Falmata, matata, ta bar tarwaɗa ta ƙone a kan wuta. Na ce da ita 'yar tudu, shekara da shekaru a bakin ruwa amma har yau kifi baƙonta ne. Ta ce a Yusufari ba da kifi aka ɗaura mata aure ba. Muka yi dariya, ta miƙo mini kunu. Ƙauyenmu yana cikin fadama, gaba da Dagona. Ruwa ya zagaye shi, hanyar shiga ɗaya ce.

Ta wannan hanyar 'yan bindiga suka zo, da hantsi. Ƙarar babura muka fara ji, da yawa, ba irin ta masu sarin kifi ba. Sai harbi. Tsuntsayen fadama suka tashi gaba ɗaya. Wani ya ƙwalla ihu: "Ku faɗa ruwa!"

Duk ɗan ƙauyenmu ya iya iyo. Falmata ba ta iya ba. Na fizgo goran da nake su da shi. Babban gora ne da muke kwanciya a kai mu shiga ruwa, bakinsa yana sama, ƙirjin mutum ne murfinsa. Muddin kana kwance ba ya nutsewa. Idan ka ɗago, sai ya karkace ya sha ruwa. Na kwantar da ita a kai.

"Kada ki ɗago, ko me kika ji!"

Ina iyo ina tura ta, na nufi duhun kacalla, ciyawar da ta fi mutum tsawo. Saura kaɗan mu shige, na ji kamar an maka mini taɓarya a kafaɗa. Hannuna ya saki goran. Na ji ta kira ni, "Malam!" Ruwa ya rufe ni.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda na gan shi. Harbi ya ɗauke, ciwo ya ɗauke. Na hango jikina daga sama, rabi a ruwa rabi a kacalla, ban ma ji tausayinsa ba. Gabana akwai wata gaɓa mai haske, babu laka. Mahaifina, wanda ya rasu tun ina saurayi, yana zaune yana ɗinkin koma. Audu maƙwabcina yana gefensa. Falmata tana tsaye, zanenta a bushe, babu tsoro a fuskarta. Na yunƙura zan haye. Mahaifina bai ko ɗago kai ba, ya kaɗa mini hannu in koma.

Da la'asar na farka a cikin kwale-kwalen wasu manoman shinkafa. Sun lulluɓe ni da buhu, sun ɗauka gawa suka tsamo. Tarin da na yi ne ya sa suka juya zuwa hanyar mota. A asibiti a Gashuwa aka cire harsashin, aka yi mini ƙarin jini. Da bakina ya buɗe, na tambayi labarin Falmata. Babu wanda ya gan ta.

Wani malami mai zagayen duba marasa lafiya ya saurari labarina, ya yi kabbara. Ya ce ruhina ya leƙa barzahu, inda rayukan matattu suke, aka mayar da ni domin kwanana bai ƙare ba. Yana faɗa yana murmushi, ya ɗauka bushara yake yi mini. Ni kuwa ba bushara na ji ba. Idan matattu na gani, to Falmata ta mutu.

Na kama rigar likita na ba shi labarin. Ya ce jini ne ya zuba da yawa, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, sai ta ɗebo fuskokin da ta fi sani ta haɗa hoto. Ya ce ya sha jin irin wannan, har daga waɗanda ba sa salla. Malamin ya ce likita nama ya karanta, bai karanta rai ba. Likita ya ce shi abin da ya iya aunawa yake faɗa. Ni da ban taɓa musu da malami ba, kullum sai na sa likita ya maimaita mini maganarsa. Da ita nake iya haɗiye abinci.

Ana sallamata na ji an ce wasu mutanenmu suna Nguru. Na hau mota da hannu a rataye. A kasuwar kifi na hango Audu, da ransa, yana ɗingishi. Na rungume shi ina kuka kamar yaro. Ya ɗauka don shi nake yi. Ni kuwa cewa nake, ga wanda na gani a can yana numfashi, ashe likita ne da gaskiya, ashe Falmata tana nan.

Na bi Nguru unguwa-unguwa. Na je Karasuwa. Na je Yusufari, mahaifiyarta ta fito da gudu tana duba bayana.

Bayan ruwa ya ja muka koma ƙauyen. Waɗanda suka riga mu sun binne mutanen da suka tsinta a kacalla. Tsohuwar da ta yi wa gawarwakin mata wanka ta gane Falmata da tsagar fuskarta. Ta ce babu rauni a jikinta ko ɗaya. Na gane ɗagowa ta yi daga kan goran don ta neme ni, ta nutse.

Gida ya ƙone, koma ta ƙone, hannun dama ba ya ɗaga komai. Waɗannan ba na lissafa su. Yanzu a Gashuwa nake, kuma wurin malamin nake zuwa in zauna, in sa shi ya maimaita mini tasa maganar, domin a can na gan ta tsaye, a bushe, ba ta jin tsoro. Audu yana Nguru, ƙafarsa ta warke. Yakan aiko a gaishe ni. Ban koma wurinsa ba.