Kalmomi Biyar da Shanun Maƙwabcinmu

Daminar da nake aji uku a kwalejin horon malamai ta mata, malamarmu ta Turanci, wata doguwar mata 'yar Gana mai tafiya a hankali, ta ba mu aikin hutu. Ta rubuta kalmomi biyar a allo: quiet, still, calm, peaceful, serene. Ta ce mu sa kowace a jimlarta, jimlar da sauran huɗun ba za su zauna a cikinta daidai ba. Na kwafe su, na hau motar kasuwa zuwa Bukkuyum, daga can ƙanen Inna ya goyo ni a babur zuwa ƙauyenmu, wajen Adabka.

Kwana biyu ina juya ƙamus a rumfar Inna. In na duba ta farko sai ya tura ni ta uku, ta uku ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta maido ni inda na fito. Ni duk shiru nake ganinsu.

Kakana, mahaifin babana, malami ne. A shekarar idanunsa sun yi yana, ya daina duba littafi, yana wuni a zaure kan buzunsa. Kunnensa kuwa ba abin da ke wuce shi.

"Amaryata," ya kira ni, don haka yake tsokanata, "mi kike nema tun jiya? Ina jin takarda na ta kuka hannunki."

Na zo na durƙusa na gaya masa. Ya sa na faɗi kowace kalma sau biyu, yana maimaitawa yana dariyar yadda take fita a bakinsa. Sannan ya ce Larabci ma haka yake: sukuni daban, sakina daban, salama daban.

"Rufe littafin. Ki bari sai kin gan su da ido."

A makon ne shanun maƙwabcinmu suka shiga gonar Baffa, ƙanen babana. Maƙwabcin dattijon Bafulatani ne mai ruga a bayan fadama, abokin Kaka tun suna samari. Matarsa, da muke ce wa Goggo, kullum da hantsi sai ta sauke ƙwaryar nononta a gidanmu, su yi hira da Inna kafin ta wuce. Shanun sun cinye gefe guda na geron Baffa, geron da ya kai ƙugu. Baffa ya tare dattijon a kasuwa, ya faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba.  Dattijon ya saɓa sandarsa ya koma ruga.

Daga ranar Goggo ba ta sake zuwa ba. Ba wanda ya ƙara ɗaga murya. Baffa ya fita da sassafe, ya dawo ya ci tuwo kansa a sunkuye. Inna ta dama fura da ruwa. Har kaji kamar sun rage kuka. Na ɗauki biro na rubuta da Turanci cewa gidanmu peaceful ne, na je na karanta wa Kaka, na fassara masa.

"Mi ya sa kika zaɓi wannan?"

"Ba hayaniya, Kaka."

"Wacce ce ta rashin hayaniya cikinsu?"

Na ce quiet.

"To ba ta ita. Gidan ga shiru gare shi, amma ba lafiya ba. Je ki duba fuskar Innarki."

Na leƙa. Tana zaune bakin murhu, ta ƙura wa ƙofa ido, ludayi a hannu. Na soke jimlar.

Rana ta huɗu aka kwana ana ruwa da iska. Gari na wayewa Kaka ya ce in kama masa sanda, za mu ruga. Ina gaba riƙe da kan sandar, yana baya. Iskar ta faɗi. Ganyen da ta kakkaɓo yana kwance a hanya, reshen wani kalgo ya karye yana reto, amma sama ta yi wasai, ƙasa na tashi da ƙanshi. Ya tambaye ni abin da nake gani, na faɗa masa.

"Abin da ya tashi ya kwanta," in ji shi. "Akwai ta wannan cikin kalmominki?"

Sai na tuna malamarmu ta taɓa cewa calm ta teku ce bayan hadari, da ta mutum bayan fushi. Ban taɓa ganin teku ba, amma na ga hanyar rugar nan a safiyar.

A bakin tafkin fadama ya ce mu huta. Na zaunar da shi a kan wani kututture. Ruwan ya kwanta sumul, gajimare na ciki kamar an zuba auduga, ganyen bado sun baje. Can a tsakiya wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Kwaɗi na ta kuka ta ko'ina, amma shi ko gashinsa bai motsa ba. Na daɗe ina kallonsa har na rasa ko shi ne na gaske ko wanda ke cikin ruwan. Na ji kamar in na yi numfashi da ƙarfi tafkin zai tsage. A raina na ce still, ga ta nan, kuma ashe ba ruwanta da shiru. Ban san tsawon zamanmu ba. Kaka ne ya taɓa ni da sanda muka tashi.

Da muka isa ruga, dattijon na ganinmu ya taso da sauri, ya shimfiɗa tabarma a inuwar bukka. Goggo ta kawo madara mai ɗumi, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na zaci Kaka zai yi wa'azi, ko ya ba da haƙuri da dogon bayani. Bai yi ba. Suka gaisa, suka tambayi juna damina, suka yi maganar wata farar saniya da ta mutu tun ba a haifi babana ba. Daga nan suka yi shiru tare, shanu na tuƙa a gefe, hayaƙin garke na tashi a miƙe. Ina kallon Kaka. Rana ta faɗo a goshinsa, idanunsa a buɗe ba sa ganin komai, fuskar ta yi fes, babu ko ɗigon damuwa. Malamarmu ta ce serene ba ta kowa ba ce, ba a ba akuya, ba a ba kasuwa, sai sararin sama da wasu fuskoki. Ban fiddo littafina ba. Kunya ta hana ni.

Can dattijon ya yi gyaran murya.

"Malam, in an yi girbi, shanun ga gonar yaronka za su kwana har rani ya fita. Takin nashi ne."

"Shi kuma zai zo ya gaishe ka," in ji Kaka. "Ni zan turo shi."

Baffa ya je da la'asar, yana jan ƙafa. Ya dawo da ƙullin man shanu, ya miƙa wa Inna yana sosa ƙeya.

Washegari da hantsi muka ji sallamar Goggo tun daga zaure. Ta sauke ƙwarya, suka kaure da Inna, Hausa da Fulatanci a gauraye, kowace na cewa ɗayar ce mai zuciya. Suka yi dariya har Inna ta share hawaye da gefen zani. Yaran maƙwabta suka shigo, akuya ta ture faifai, aka bi ta da tsawa. Daga zaure Kaka ya ɗaga murya ya ce in kawo biro, yanzu ne lokacin waccan jimlar ta peaceful da na soke. Na zauna a tsakiyar hayaniyar na sake rubuta ta, Goggo na leƙa littafin tana tambayata ko sunanta nake rubutawa.