Lauwali Kunne da Sanyin Motar Alhaji

Duk wanda ya zauna Kazaure a shekarun da arzikin fetur ya ɓarke, har mai tallan goro ya ɗaura agogo, ya san Lauwali bakanike, wanda ake ce wa Kunne. Kunnuwan nan nasa kamar faifan tankaɗe suke, in ya tsaya a rana mutum biyu sa sha inuwa. Amma da su yake ci. Tun yana yaro a Gwiwa ya ɓatar da rabin awakin babansa, ya shagala da sauraren kukan injin niƙa. Daga nan ya yi karen mota, ya yi wankin sifana a Kano, ya dawo ya kafa gareji a gindin wata tsamiya. Mota na tahowa tun daga nesa zai faɗi ciwonta, wani sa'in har da na direban.

Rufin asirinsa Alhaji Maikasuwa ne, babban ɗan kasuwar hatsi na Ɓaɓura. Motocin Alhaji kaf shi ke duba su, kuma inda Alhaji ya kai mota nan kowa ke kaiwa.

Ana nan sai Alhaji ya sayi wata a-kori-kura 'yar Amurka a hannun Turawan da suka gama aikin titi, mai iyakwandishan. A shimfiɗaɗɗiyar hanya sanyinta har haƙori yake kaɗawa. Amma da an kama hawan duwatsun Roni, direba Haladu ya taka totur, sai sanyin ya gudu daga fuska ya koma jikin gilashi, zafi kuma ya taso ta ƙafa kamar an buɗe tanda. Ranar da abin ya faru da surukin Alhaji a gidan gaba, tsohon ya sauko da babbar riga sharkaf, a ranar aka jawo motar gindin tsamiya. Alhaji ya ce ko Lauwali ya gyara, ko a nemi masu iyawa a Kano.

Lauwali ya duba gas, a cike. Ya duba bel, lafiya lau. Sai da ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a sama kamar an yanka zakara, ya gano cewa akwai 'yan ƙofofi da ke juya iskar, kuma zuƙar inji ce ke riƙe su ta wasu siraran tiyo masu kaurin taliya. A hawa zuƙar takan yi rauni, in kuwa akwai huji sai ƙofofin su saki. Ya kafa kunne, ya ji huci siriri kamar na kububuwa, amma ya rasa daga ina. Ya bi tiyon ɗaya bayan ɗaya yana tsotsa, yana toshewa da harshe ko zai kama, har ya haɗiye ƙurar Amurka da ta isa yaɓen ɗaki. Shi da bai taɓa shan taba ba ya sayi kara ɗaya, ya dinga hura hayaƙin cikin tiyo yana tari. Matarsa Shatu ta ji wari a rigarsa, ta ce da girmansa zai fara shan taba, sai ta kai ƙara wajen iyayensa a Gwiwa.

Hayaƙin dai ya fito, daga can bayan maɓallin sanyi. Lauwali ya zura hannu ya taɓo jar fata. Laya ce, baduku ya ɗinke ta tam a kan damin tiyon, basillarsa ta ratsa su.

Haladu ya ce Hajiya Adda, mahaifiyar Alhaji, ita ta sa aka ɗinka ta a ɓoye ranar da motar ta iso. Babban ɗanta a hatsarin mota ya rasu, ta kuma ce duk wanda ya kwance layar nan ba ta yafe ba.

Lauwali ya tafi Ɓaɓura, ya cire takalmi, ya tsuguna, ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso kan maganar. Tsohuwar ta dube shi.

"Ɗan nan, tun da aka ɗinka ta, ko kaza motar nan ta taka?"

"A'a, Hajiya."

"To, ka taɓa jin wanda zufa ta kashe?"

Bai taɓa ji ba. Ya koma wajen Alhaji, shi kuma ya kau da kai ya ce, "Ban ji abin da ka faɗa ba, Lauwali. Gwani ba ya ɗora wa laya laifi. Nemo wata hanya."

Ya nema. Tiyo mai wannan sirantar babu shi a Kazaure, a Kano ma dariya aka yi masa. Ya samo robar ƙarin ruwa ta asibiti ya yi wa zuƙar sabuwar hanya da ita ta gefen layar, sanyi ya zauna har Haladu ya fara yi masa kirari. Da inji ya ɗau zafi, robar ta yi laushi ta manne, a hawan farko tandar ta dawo. Reza na aljihunsa, farke layar bai fi yankan farce ba. Ya fito da ita, ya tuna fuskar tsohuwar, ya mayar.

Aka kai mota Kano. Can babu wanda ya san Hajiya Adda. Suka farke layar, suka naɗe hujin da salatif, suka cusa layar a ƙarƙashin kujera. Sanyi ya dawo. Alhaji bai tambayi yadda aka yi ba, sauran motocinsa suka koma gyara a Kano, na mutanen gari suka bi nasa.

Lauwali ya koma gyaran injin niƙa, abin da ya raba shi da awaki tun farko. In a-kori-kurar ta zo wucewa, gilashi a rufe, yakan ajiye sifana ya karkata kunne. Babu huci. Hajiya kuwa, da ba ta san abin da aka yi a Kano ba, har yau takan aiko masa da fura, tana sa masa albarka don ya bar mata layarta a inda take. Yakan karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya sha ba tare da ya ji ɗanɗanonta ba.