Malam Haladu, Mai Hana Ruwa Gudu

A da, kullum da an idar da sallar asuba, kafin motocin Titin Bauchi su fara ɗibar fasinja, za ka ga Malam Haladu yana gangarawa layinmu da shebur a kafaɗa, takalmin roba har gwiwa, idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Leburan hanya ne. Shekara talatin da ɗaya yana bin kwatar da ta taso daga bakin titi har gidajen bakin rafi, a farkon wannan shekara ta 2008 ya ajiye aiki. Ko shayi ba wanda ya dafa masa, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Layinmu gangare ne. In aka yi ruwan Agusta, duk abin da ya zuba a kwalta kanmu yake juyowa, gida na ƙarshe kuwa na Inna Maijidda ne mai waina, ginin ƙasa tun zamanin haƙar kuza. Sauran leburori yashe kwata suke yi don ruwa ya wuce da gudu. Shi Haladu hana shi gudu yake yi. Duk taku ashirin ya jera duwatsu a tsakiyar kwata, a gefe ya haƙa rami ya cika da tsakuwa, ya dasa ciyawar jema a baki. Ruwa ya taho a fusace, ya ci karo da dutse, ya lafa, ƙasa ta sha rabonta, ciyawa ta riƙe laka. A wurin mahaifinsa ya koya, wanda ya yi aikin wankin kuza, inda in ruwa ya yi sauri sai ya tafi da kuzar.

Chollom, wanda ya shugabance su a wurin aiki, ya ba ni labari: “Na taɓa ce masa ya kwashe duwatsun nan, ba su cikin takarda. Ya ce, ‘Oga, mu gangara ka faɗa wa tsohuwar nan da bakinka.’ Ban gangara ba.” Ita Inna da kanta ta shaida cewa tun da ya kama aiki ruwa bai taɓa haura dokin ƙofarta ba.

Mu fa, me muka yi? Da hadari ya haɗo sai kowa ya fito da shararsa ya juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita, kamar ba mu san inda ruwan yake zuwa ba. Sai kuma yayin siminti ya shigo. Shaguna suka yi yawa, kowa yana son gabansa sumul. Nwamaka mai kayan miya ta ce masa, “Baba, wannan ciyawa naka yana kawo sauro,” ta sa aka nome. Ni ma da nake wannan rubutu ban fita ba. Na shafe ramin gaban shagon ɗinkina da siminti saboda masu kawo ɗinki suna shigo mini da taɓo. Yana tsaye magini yana aiki, ya ce, “Malam Abdulfatah, ramin nan a ƙofarka yake, amma na Inna ne.” Dariya na yi, har na tsokane shi cewa ya auri kwata.

Malam Haladu, kai ne ka haƙa rami goma sha huɗu muka bar maka uku. Kai ne kake tsince ledar da muka zubar da hannunka, ka gaishe mu da safe ba tare da ka ɗaure fuska ba. Dattijon gangare, ba mu cancance ka ba, kuma ina jin kunyar haɗa ido da kai.

A daminar bana, ranar wata Juma’a bayan la’asar aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara. Ba ciyawa, ba rami sai ukun nan, ruwan ya bi kan simintinmu ya zarce ƙasa gaba ɗaya. Bangon ɗakin Inna ya zube. Allah ya sa tana zaure, aka fito da ita a goye, tanda da buhun shinkafarta suka bi rafi. Muna tsaitsaye muna jajantawa sai ga Haladu, wanda ya riga ya ajiye aiki, jiƙe sharkaf. Ya durƙusa a cikin taɓo ya ce, “Inna, ki yafe mini, ban riƙe shi ba.” Duk taron nan shi kaɗai ne ba shi da laifi, shi kaɗai kuma ya nemi gafara.

Mun gode, Malam Haladu. Allah ya ba ka ladan da muka hana ka. Ba zan ce za mu gyaru ba, don ko jiya na ga ana sauke siminti a saman layi. Amma duk mai gida ko shago a gangare, a Jos ko wani wuri, ya bar wa ƙasa inda za ta sha, ya tuna akwai wani a ƙasansa. Mutumin yana raye, ya san gurbin kowane rami, ku je ku tambaye shi.

Ni na fasa nawa simintin, na tarar da tsakuwar tana nan yadda ya jera ta. Na aika wa Inna a Kuru, inda ta koma wurin ’yarta, cewa an buɗe ramin. Ta ce ta gode, amma ba za ta dawo ba.